Batirin Babur da Kunyar Suruki

Babana mai cajin batir ne. Shagonsa yana bakin layinmu a Agege, daf da inda ake tsallaka titin jirgin ƙasa, ɗan ɗaki ne mai rufin kwano da kullum yake warin ruwan batir da tsohon mai. A nan na tashi. Ni ce auta, kuma yayyena maza duk sun ƙi sana'ar, ɗaya ya bi goro, ɗaya ya kama tuƙin danfo, bas ɗin hayar Ikko. Saboda haka ni ce nake zama a kan benci bayan an tashi daga makaranta ina miƙa masa sifana da waya. Babu zanena na yarinta da ba shi da ƙananan huji inda ruwan batir ya ɗiga. Iya, mahaifiyata, ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mana ido.

An ɗaura mini aure a shekarar da soja suka koma bariki. Mijina mutumin ƙasar Sakkwato ne, albasa ta kawo shi Ikko, yana da rumfa a kasuwar Mile 12. Muka kama ɗakin haya a can ƙarshen layinmu, a gidan wata Bayarabiya mai tuyar ƙosai da kowa ke kira Mama. Mutum ne mai fara'a da son raha, a gida ba ya rufe baki. Amma da zarar ya hango Baba sai ya koma wani mutum daban. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa, murya ta maƙale. Shi kuwa Baba haifaffen Ikko ne, jikan soja, bai saba da irin wannan surukuta ba. In ya miƙa hannu sai mutumin ya ƙara noƙewa. Wata rana Baba ya ce da ni, “Auta, tunda na ba mijinki aure ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. Ki faɗa mini, yana da su kuwa?”

Da shekara ta zagayo, albasa ta yi albarka, ya sayi babur. Na hannu ne, ja, irin wanda ake danna maɓalli ya tashi ba sai an taka kik ba. Ranar da ya shigo da shi gida Mama ta bar ƙosanta a kan wuta ta zo tana zagaya shi tana addu'a da Yarabanci, ni ina fassara masa, yana ta amin. Ya huta da kokawar danfo da sassafe. In ya dawo da yamma, tun daga kwanar gida zai danna hon, ni kuma in tashi in buɗe masa ƙofar langa-langa. Ranar Lahadi wanka yake yi wa babur ɗin kamar jariri, har da tsohon buroshin haƙori na goge tsakanin wayoyin taya.

Ni na fara jin canjin, da kunne. Hon ɗin da a da yake da kaifi sai ya soma fita a dishe, kamar ɗan akuya mai mura. Bayan 'yan kwanaki na lura da fitila. In babur ɗin yana tsaye yana aiki a hankali sai haskenta ya yi ja ya dushe, in ya murɗa mai sai ta washe. Daga nan maɓallin ya fara nawa. Ya danna, injin ya juya da ƙyar kamar mai ciwon baya kafin ya kama.

Na ce, “Malam, batirinka ya fara gajiya.”

Ya ce, “Wane batir, Amarya? Mai ne. Man wanga gari duk gauraye yake da kananzir.”

A lokacin ana wahalar mai, kowa abin da yake zargi ke nan, don haka ban ja ba. Ya kai wa wani bakanike a Ketu aka canza fulogi, aka wanke kafireto. Babur ya ƙara lafiyar gudu, amma maɓallin yana nan yadda yake. Wata safiya ya danna sai muka ji ƙas, ƙas, shi ke nan. Ya taka kik, ya tashi.

Na ce, “Ka gani? Da kik ya tashi nan take. Injin lafiyarsa lau. Ka biya ta wajen Baba mana, ai a kan hanyarka yake.”

Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba riga. “Ni? In tsaya Baba ya durƙusa gaban babur ɗina yana mini aiki? In ce mishi mi? Haba, Amarya!”

“To ka kai wa wani.”

Nan ma da matsala, kuma ya riga ni ganinta. Masu cajin batir na Agege kusan duk a hannun Baba suka koya. Kafin ya dawo gida labari ya isa cewa surukin Baba ya tsallake shagon Baba ya kai aiki wani wuri. Wannan ta fi waccan muni.

Wata Juma'a da ya tafi masallaci a ƙafa, na ɗauko sukudireba na buɗe murfin gefe. Kawunan batirin biyu duk sun yi wani farin gari mai ratsin kore, kamar gishirin da ya sha iska. Na jiƙa kanwa a ruwan zafi na zuba a hankali, ya yi ta kumfa, na goge da tsumma, na kankare da wuƙa har darmar ta fito tana ƙyalli, na ɗaure tam. Washegari ya danna, babur ya tashi. Ya yi ta murna yana cewa ai dama ya faɗa, an samu mai mai kyau. Na faɗa masa abin da na yi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe bakanike ya aura bai sani ba. Amma murnar ba ta daɗe ba. Kafin wata Juma'ar mun koma ƙas, ƙas. Ya ciro batirin a ɓoye ya ba wani a Ketu ya yi masa caji, nan ma kwana kaɗan ya yi ya sake kwanciya.

Sai ya koma kik gaba ɗaya. Kik ɗin kuwa tsoho ne, bai saba da wahala ba, haƙoransa suka cinye. Wata safiya ya taka sai ƙafarsa ta tafi ƙasa fayau, ba abin da ya kama. Daga ranar muka shiga zamanin turi.

Ba zan manta da waɗannan safiyoyin ba. Bayan sallar asuba zai fito da babur, ya sa giya, ya riƙe kuloci, maƙwabta masu shirin fita aiki su kama baya. Mama tana bakin kaskonta tana ɗaga matsami tana ihu, “Oya, oya! Ku tura!” Ni ina bakin ƙofa ina dariya a cikin mayafi. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hanyar da ake bi. Layinmu ya gangara ne zuwa bakin titi, wato wajen shagon Baba, kuma nan ne turi yake da sauƙi. Shi kuwa sai ya juya kan babur ya bi ta baya, ta wani lungu mai hawa, a tsallaka kwata a kan katako, a ɓulla bayan masu niƙa. Duk don kada Baba ya gan shi yana turi. Mutane suna haki suna tambayarsa dalili, yana cewa ta nan ta fi kusa.

Na je gaida su Iya wata rana, na tarar da Baba yana cin abinci. Bai ɗago ba ya ce, “Auta, mijinki ya sayar da babur ɗin ne? Na daina jin wucewarsa.”

Na ce, “Yana nan, Baba.”

“To. Masu niƙa sun ce kullum suna ganin motsa jiki da safe.”

Iya ta ƙware da dariya. Na ce, “Baba, kunyarka yake ji.”

Ya ce, “Na sani. Tun ranar da hon ɗinsa ya dishe na san batirin ya kusa. Kada ki matsa masa. Zai zo.”

Ruwan sama ne ya kawo shi. An kwana ana tafkawa, da gari ya waye kwata ta cika ta tafi da katakon lungun baya. Ranar Asabar ce, kuma motar albasarsa ta iso, dole ya fita. Ya tsaya yana kallon layin kamar mai shirin tsallaka kogi. Dabarar da ya yi ita ce a tura da ƙarfi tun daga sama, babur ya kama kafin a kai shagon, ya wuce a guje ya ɗaga hannu kawai. Aka tura. Ya manta kular abincinsa, na ɗauka na bi bayansu. Babur ya yi tari, ya kama, ya saki, ya sake kamawa, tayar baya tana santsi a laka. Ya yi wata 'yar ƙara ya mutu murus, a daidai ƙofar shagon Baba, kamar an auna da igiya.

Baba yana zaune a kan benci da kofin shayi. Masu turi suka watse suna ƙunshe dariya. Maigidana ya sauka, ya rasa yadda zai yi, ga babur a hannu ba dama ya saki, ga takalmi yana son tuɓewa a cikin laka.

Baba ya ce, “Malam, bar takalmin nan. Kafe shi a nan ƙarƙashin rumfa. Sannu da zuwa, mun daɗe muna jiran ka.”

“Baba, ina kwana... dama wucewa...”

“Lafiya lau. Auta, ajiye kular nan ki miƙo mini mita.”

Baba bai bar shi ya tsaya gefe yana sunkuyar da kai ba. Ya ce gwiwarsa tana ciwo, don haka Malam ne zai buɗe murfin, shi ne zai riƙe wayoyin mita, ja a kan ja, baƙa a kan baƙi. Dole ya tsuguna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa. Idon Baba ya fara rauni a lokacin, ni ce mai karanta allura. Na ce ta ɗan gaza inda ya kamata. Baba ya ce, “Wannan ba ya nuna komai, batir yakan yi ƙarya in ba a ɗora masa kaya ba. Malam, danna maɓallin.” Ya danna. Allurar ta faɗi ƙasa warwas kamar an tsinke mata igiya.

Baba ya ce, “Ka gani? Yana da murya, ba shi da ƙarfi. Amma kada mu yanke masa hukunci tukuna. Wataƙila babur ɗin ne ba ya ciyar da shi.”

Ya sa aka ciro batirin, aka ɗaura wani na shago da robar taya. Dannawa ɗaya babur ya tashi. Maigidana ya yi ajiyar zuciya har sai da Baba ya murmusa. Aka sake sa mita, aka murɗa mai, allura ta hau ta tsaya cak inda ake so. Baba ya ce to babur ya fita daga zargi, yana mayar da caji yadda ya kamata. Ya ɗaga tsohon batirin a hasken rana yana nuna masa ta jikin farar robar. Ruwan wasu ɗakunan da ke cikin batirin ya ja baya, ɗaya kuma ya yi baƙi ƙirin, da laka kwance a gindinsa, gefen ya ɗan kumbura.

“Wannan ɗakin ya mutu. In ɗaya ya mutu, sauran ba sa iya ɗaukar nauyinsa. Ko shekara za a yi ana masa caji, zuba ruwa ne a kwando. Wa ya wanke kawunan nan?”

Maigidana ya ce a hankali, “Ita ce, Baba.”

“Da kanwa ko? Aikin gidanmu ne, na gane hannun.”

A nan ne na ga maigidana ya ɗago ya dubi Baba a karon farko, ya yi 'yar dariya, ya yi maza ya mayar da kai.

Na ɗauka a nan Agege za a sayi sabo. Baba ya ce a'a, an cika gari da tsofaffin batura da ake wankewa a sa a sabon kwali. Yana da wani Inyamuri a kasuwar Idumota da suka daɗe suna hulɗa, can za a je. Maigidana ya ce to a kwatanta masa shagon. Baba ya ce Idumota ba a kwatanta ta, ko shi da aka haifa a garin nan sai ya yi da gaske. Ya shiga ciki ya sako hula, ya aika a gaya wa abokin rumfar Malam ya karɓi albasa, ya fito ya ɗaga ƙafa ya haye bayan babur ya gyara zama.

“Mu je, Malam.”

Layin nan kaf sai da aka leƙo. Mama ta taho da gudu da matsami a hannu. Maigidana ya hau kamar wanda aka ɗora wa tiren ƙwai a ka, bayansa a sandare, suka tafi a hankali.

Abin da ya faru a hanya ban gani ba, amma na ji shi daga baki biyu, kuma har yau ban san wanda ya fi ƙara gishiri ba. Baba ya ce tafiyar da suke yi har masu tura baro suna wuce su suna yi musu sannu. Da suka kai Oshodi ya gaji ya ce, “Malam, in haka za mu tafi, mu sauka mu taka mana, ai za mu fi sauri.” Shi kuwa maigidana ya ce da ya ƙara mai, sai Baba ya koma direba daga baya, yana dukan kafaɗarsa, shiga nan, fita can, yana zagin direbobin danfo da Yarabanci suna ramawa, shi bai san me ake cewa ba sai dai ya ji Baba yana ƙyalƙyala dariya a kunnensa.

A Idumota suka kutsa cikin lunguna har shagon. Baba ya sa aka buɗe kwali a gabansa, ya duba hatimin bakin ɗakunan bai taɓu ba, ya gwada tsawo da faɗi da tsohon don ya zauna daidai a gidansa, ya tabbatar kawunan suna ɓangaren da wayoyin babur za su kai. Ya gabatar da maigidana ga mai shagon da cewa, “Ɗana ne.” Maigidana ya ce wannan kalmar ta tsaya masa a ƙirji har suka fito.

A hanyar dawowa ruwa ya tare su a Iddo, suka fake ƙarƙashin gada tare da 'yan okada masu haya da babur. Wata mata tana gasa ayaba a wurin. Baba ya saya har da gyaɗa, ya miƙa masa. A garinsu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko da yunwa za ta kashe shi, ga shi kuwa tun safe bai karya ba, kular tana shago. Ya karɓa ya riƙe. Baba ya lura, sai ya juya masa baya yana kallon ruwan laguna, babban tafkin Ikko, ya fara cin tasa. Shi ma ya juya baya. Haka suka tsaya, ƙeya da ƙeya, kowa yana tauna, har mai ayabar ta tambayi Baba da Yarabanci ko faɗa suka yi. Baba ya fassara masa. Maigidana ya ce dariyar da ta kama shi sai da gyaɗa ta sarƙe shi, Baba yana bubbuga masa baya.

Sun dawo bayan azahar, a jiƙe, suna magana tun kafin su sauka. Sabon batirin a bushe yake zuwa. Baba ya zuba masa ruwansa ɗaki-ɗaki har zuwa layin sama, ya ce a bar shi ya sha, ya huce, sannan aka ɗora shi a caji mai sanyi. Allah ya taimaka ba a ɗauke wuta ba. Kafin nan bakaniken da ke maƙwabtaka da shagon ya canza kik. Ni na koma gida na dafa shinkafa da wake na kawo, na tarar da maigidana zaune a kan benci, ba a ƙasa ba, yana koya wa Baba yadda ake gane albasar da za ta yi ajiya, a matsa wuyanta a ji ko ya bushe. Baba yana ta tambaya kamar gobe zai buɗe rumfa.

Bayan la'asar Baba ya ce caji ya isa, kuma mai babur ne zai ɗaura da hannunsa. Maigidana ya cire na aro, baƙar waya tukuna sannan ja. Wajen ɗaura sabon kuma ja tukuna, baƙa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe wuta ta yi tartsatsi. Ƙaramin noti ya suɓuce masa ya faɗi cikin ƙasa, muka duƙa mu uku muna nema. Aka zura 'yar robar numfashi ta leƙa ƙasa yadda ruwan ba zai ɗiga a jikin babur ba, aka shafa basilin a kawunan, aka mayar da murfi. Tsohon kuma Baba ya tura shi lungu wajen 'yan uwansa, masu narka darma za su zo su kwasa.

Maigidana ya danna. Ko gama dannawa bai yi ba injin ya ɗauka. Fitila ta haska bangon shago fes, tun rana ba ta faɗi ba. Mutanen da suka sha turi suka yi ta tafi, wani ya ce yau ƙafafunsa sun samu 'yanci su ma.

Sai Baba ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli. Ashe yana da babur a zamanin samartakarsa, kafin a haife ni, ban taɓa sani ba. Ya hau, ya je ƙarshen layi ya dawo, hula a karkace. Iya ta fito ƙofar gida tana salati, tana cewa ya sauka kafin ya karya ƙashin tsufa. Ya tsaya a gabanta yana murɗa mai.

“Hau mana.”

“Ni? A gaban suruki? Ka ji tsoron Allah!”

Maigidana ya yi maza ya juya ya fuskanci bango, ya ce, “Iya, ni ban ga komai ba.”

Iya ta dube ni, ta dubi layin da ya cika da 'yan kallo, ta gyara ɗaurin zane, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta hau a karkace ta riƙe rigar Baba da hannu biyu. Suka gangara wajen titin jirgi a hankali, tana ta faɗa masa ya rage gudu, muna jin muryarta har suka sha kwana. Sun daɗe ba su dawo ba. Da suka dawo akwai ƙullin tsire a hannunta, kuma ta ƙi faɗa mana inda suka je.